Zan tafi Kyoto koyon Japananci, yaya zaman yake?

Ɗalibar Harshe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An zaɓe ni a shirin musayar ɗalibai, zan yi zango biyu a birnin Kyoto na ƙasar Japan daga watan Oktoba in Allah ya kai mu. Hiragana da katakana, wato baƙaƙen rubutun Japananci masu sauƙi, sun zauna min, kanji kuwa, wato baƙaƙen da suka aro daga Sinanci, har yanzu lalube nake. Gaskiya ba ajin ne ke hana ni barci ba, ciki ne da aljihu. Me Musulma za ta ci a can? Kuma ana barin ɗalibi ya taɓa ɗan aiki? Wanda ya taɓa zama ya taimaka min don Allah.

Tsohon Ɗalibin Kansai:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Fara da takardu. A filin jirgin Kansai, wato yankin da Kyoto ke ciki, za su ba ki katin zama, to tun a nan ki nemi izinin aiki, su buga miki a bayan katin, kin huta da layi daga baya. Awa 28 a mako doka ta yarda, lokacin dogon hutu awa 8 a rana, kuma ba sa wasa da wannan lissafin. Cikin kwana 14 da samun masauki ki je ofishin gunduma ki yi rajistar adireshi, ki shiga inshorar lafiya ta ƙasa. Da ita kashi 30 cikin ɗari kawai za ki biya a asibiti.

Abinci shi ne aikin. Naman alade da kike gani ƙuru-ƙuru mai sauƙi ne, wanda ya ɓuya ne matsalar: romonsa a miyar ramen, wato taliyarsu mai romo, kitsensa a wasu burodi da garin kori, ga mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda ake zuba gishiri. Ki haddace 豚 (alade) da 酒 (giya) kafin ki haddace komai. Ni a makonnin farko sai in tsaya a konbini, wato ƙaramin shagon unguwa, ina juya ƙunshin shinkafa, ina bin rubutun bayansa da yatsa layi-layi, har mai shagon ya fara leƙo ni. Daga baya na sayi tukunyar shinkafa ta hannu, na gano shagon Gyomu Super na sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal, shi ke nan hankalina ya kwanta. Da daddare kuma manyan shaguna kan manna wa kifi takardar ragi, wani lokaci har rabin kuɗi. Tsofaffin unguwa sun san lokacin, bi su kawai.

Mai Keke:
Duk abin da Yaya ya faɗa haka ne, amma ya manta shara. A Kyoto sharar ƙonawa sai a leda ruwan ɗorawa ta hukumar birni, saye ake yi, ana fitarwa da safe a ranar da aka ware. Kika haɗa gwangwani a ciki, za ki tarar da ledarki a wurin da takarda manne. Keke ma ki yi masa rajista, kada ki ajiye shi inda kika ga dama, kwashewa suke yi sai kin biya. Ki tanadi kayan sanyi, Janairun Kyoto har ƙashi yake shiga.

Malama Sensei:
Ni dai ban goyi bayan a ruga aiki ba, 'yar'uwa. Na ga ɗalibai suna kwana a wurin haɗa abinci, su zo aji suna gyangyaɗi, ga gwajin kanji kusan kullum. Ki bari zango ɗaya ya wuce. Ki shiga ƙungiyar ɗalibai ta wani wasa ko sana'ar hannu, a nan za ki ji karin harshen Kansai, wanda ya sha bamban da na littafi. In kina son jarrabawar JLPT, wato ta ƙwarewa a Japananci, Disamba da Yuli ake yi, ta Yuli za ta fi miki.

Ɗalibar Harshe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, zan yi haƙuri da aikin tukuna. Masallaci fa?

Tsohon Ɗalibin Kansai:
Akwai ƙaramin wurin salla a cikin Kyoto, ɗalibai Musulmi za su nuna miki. Ranar da kika samu sarari ki hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, tafiyar kamar awa ɗaya ce, ki ga masallacin da aka gina tun 1935. Shagunan halal na nan kusa da shi, ki tafi da babbar jaka.