Wace kalma za mu ba wa "failover" a aikin kyamarorin tsaro?

1. 'Yan uwa masu haɗa kyamarorin tsaro, ina neman shawararku. Jiya ina yi wa wani Alhaji mai ɗakin ajiyar kaya bayanin dalilin sayen na'urar naɗa ta biyu, sai na ce masa "ajiya" ce. Ya ce: "Malam, ai faifaina tera 8 ne, ya wadatar." Wato yana ganin faifan na'urarsa na da isasshen wurin ajiya. Da gaskiyarsa, kalmar ce ba ta ɗauki ma'anar ba.

2. Ajiya kwafin abin da aka riga aka naɗa ne. Idan NVR, wato na'urar da ke naɗa hotunan kyamarori, ta mutu da ƙarfe 2 na dare, ɓarawo ya shigo 2 da rabi, babu kwafin da zai nuna maka fuskarsa, tunda ba a ɗauka ba tun farko. A "failover" kuwa akwai wata na'ura a kunne, tana sauraron siginar da babbar ke aikowa a kai a kai. Da ta ji shiru, sai ta karɓi kyamarorin ta ci gaba da naɗa. Kamfanin kyamarori na Hikvision na kiran tsarinsa N+1, wato ɗaya tana tsaron bayan da yawa.

3. Wani abokin aiki ya kawo "safaya". Ban gamsu ba: safaya sai ka tsaya gefen titi ka kwance taya ka ɗaura, nan kuwa ba hannun mutum. "Mai jiran gado" ma bai yi ba, don in ya hau ba ya sauka. Ita wannan na'urar kuwa, babbar na farfaɗowa take mayar mata da aiki, har da hotunan da ta naɗa a bayanta.

4. Ni "na'iba" nake so. Kowa ya san na'ibin liman: yana nan a sahun gaba da alwalarsa, in uzuri ya sami liman ya matsa ya ci gaba daga inda aka tsaya, jama'a ba su watse ba. Gobe liman ya dawo, ya koma sahu. Saboda haka: na'ibar uwar garke, wato na'ibar babbar na'urar da ke naɗa. Sauyin kansa "karɓar ragama", dawowar kuma "mayar da ragama".

5. Saura abu ɗaya. A manhajar sarrafa kyamarori ta Milestone XProtect akwai na'ibar da aka ware wa uwar garke guda, tana karɓa da sauri, akwai kuma wadda ke jiran kowace ta faɗi a cikin rukuni. Ta farko na ce "keɓantacciyar na'iba". Ta biyun fa, "na'ibar ko-ta-kwana" ta yi muku?