Girki da Kaya Kaɗan: Shawarwarin Matan Unguwarmu a Jos

A wata hira da matan unguwarmu suka yi a gidan suna, an taɓo maganar girki mai sauƙi, kuma bakinsu ya zo ɗaya cewa daɗin abinci tun daga kasuwa yake farawa. Mai son tumatir, kabeji ko karas ta doshi kasuwar Farin Gada da sassafe, kafin rana ta bugi kayan.

An fi daɗewa a kan faten dankali. Dankalin turawa na yankin Bokkos, albasa, attarugu, manja da ɗan busasshen kifi sun wadatar. A soya albasa ta yi laushi, a zuba dankalin da ruwa daidai kansa, a rage wuta har romon ya yi kauri. Wata dattijuwa ta ce wa matashiyar da ke gefenta, "'Yata, ki daina yawan juyawa, kada ya dagargaje." Ni ma ina bayan Hajiya a nan.

Gwaten acca kuwa, yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa ne ransa, sai dai a rege accar sosai saboda yashi. A kan dunƙule aka yi saɓani: wasu suka ce ɗaya ya isa tukunya, wasu suka ce daddawa ta fi.