Tsilar kwaɗi da ake ganowa: shin tana kama mutum?

Mai Lambu, Bukuru:
Assalamu alaikum. Na ji labarin cewa masana sun gano sababbin nau'o'in tsila a hanjin kwaɗi, abin kuwa ya tsaya mini a rai, domin ruwan da muke ba kabeji da karas daga tsohon kududdufin haƙar kuza muke jawo shi, kuma kwaɗi sun cika shi maƙil. Yaran da ke taya ni aiki sukan kamfata su sha idan rana ta take, wasu maƙwabtanmu kuma suna kama burduddugi su ƙyafe su sayar. Shin wata sabuwar cuta ce ta ɓullo, kuma tana iya shiga jikin mutum kamar tsilar naman shanu?

Malamin Ilimin Dabbobi, Jos:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu cutar da ta ɓullo. Waɗannan tsutsotsi sun daɗe a cikin kwaɗi tun kafin a haƙa kududdufinku, sai dai ba a taɓa duba su an ba su suna ba. Nau'o'in kwaɗi a duniya sun haura 7,000, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka bincika hanjinsu da kyau. Mai bincike yakan zaro tsilar, ya rina ta, ya sa ta a madubin ƙara girma ya dubi siffar kanta da abin da take manne wa hanji da shi, ya ƙirga gaɓoɓin haihuwa a kowane gunduwa na jikinta, sannan ya gwada DNA ɗinta, wato ƙwayoyin halittarta na gado, da na waɗanda aka sani. Sau da yawa a nan ake gane cewa abin da aka ɗauka iri ɗaya ne ashe biyu ne ko uku.

Misalin da aka fi sani a Afirka shi ne Cephalochlamys namaquensis, wadda ke zaune a hanjin kwaɗon ruwan nan mai farata, Xenopus laevis. Tun shekarun 1930 aka riƙa jigilar wannan kwaɗo zuwa ƙasashe ana gwajin juna biyu na mata da shi, har aka samu tsilar a kwaɗin da suka bazu a Kalifoniya ta Amurka. Irin wannan tsila da ke girma a hanjin kwaɗo ba ta da harka da ɗan Adam.

Likitar Dabbobi, Vom:
Na yarda da Malam a kan tsilar hanji, amma ina ganin ya yi saurin kwantar wa mai tambaya da hankali. Akwai wata mai suna Spirometra wadda ba a hanjin kwaɗo take girma ba. Babbarta tana hanjin kare ko kyanwa. Ƙwayayenta na bin kashi su faɗa ruwa, wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa da ake kira Cyclops ya haɗiye abin da ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kwaɗi su ci ƙwaron, sai tsutsar ta kwanta a cikin tsokar kwaɗon, galibi a cinya, fara sol kamar guntun zare, tana jiran wanda zai ci. Mutum na ɗaukarta ta hanyar cin naman kwaɗo ko na maciji da bai dahu ba, ko ɗora ɗanyen naman a kan miki ko ido da sunan magani, ko shan ruwan da ƙwaron ke ciki. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Patrick Manson ne ya fara bayyana ta a jikin mutum a ƙasar Sin a 1882, kuma har yau a gabashin Asiya aka fi samunta, ko da yake ana samu a Afirka jefi-jefi.

Ga Malam Mai Lambu, ruwan da yaran ke sha ya fi damuna fiye da kwaɗin. Ƙwaron nan Cyclops dai shi ne wanda ya riƙa ɗauke da kurkunu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da ita. Kurkunu ce ta tafi, ƙwaron yana nan a kududdufai.

Mai Lambu, Bukuru:
Na gode, Allah ya ƙara sani. To Likita, ƙyafaffen burduddugin fa, hayaƙi bai isa ya kashe ta ba? Kuma idan ta riga ta shiga jikin yaro, da me za a gane?

Likitar Dabbobi, Vom:
Amin, Malam. Zafi ne ke kashe ta, kuma dole ya ratsa har tsakiyar tsoka, shi ya sa ba a dogara da ƙyafi kaɗai. Mai ci ya sake dafa shi ya dahu sosai. Masu kamawa kuma su daina jefa wa karnuka ɗanyen abin da suka yanke, domin ta nan ake mayar da ƙwayayen cikin kududdufin. Yaran a ajiye musu ruwan sha daban a jarka, in kuwa ya zama dole sai na kududdufin, a tace da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa kamar yadda aka koyar lokacin yaƙi da kurkunu, sannan a tafasa. Alamar da aka fi gani ita ce ƙullutu a ƙarƙashin fata mai ƙaiƙayi ko zafi, wanda kan sauya wuri a hankali, wani lokaci kuma kumburi a gefen ido. Maganin tsutsar ciki da ake saye a kemis ba ya wadatarwa a nan, domin yawanci sai an yi ƙaramar tiyata an zaro ta gaba ɗaya har da kanta, saboda haka asibiti za a kai yaron, kada a bari a tsaga masa a gida.