Me ya sa kullum sai shan inna, zazzaɓin cizon sauro fa?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku fahimtar da ni. Gidauniyoyin nan na waje irin ta Bill Gates, wa ke zaɓar musu cutar da za su yaƙa? Ana bin mu gida gida da ɗigon shan inna kyauta amma yaro ya kwanta da zazzaɓi sai uwa ta kwance bakin zani ta sayi magani. Ni ban ƙi rigakafi ba, yarana duk an yi musu, abin ne dai yake min ciwo.

Ɗan Fagge:
Hajiya ai wannan tambayar mutanen Kano suka yi tun 2003 da gwamnatin Shekarau ta dakatar da rigakafin. Kuma ba banza aka tsorata ba, lokacin sanƙarau na 1996 kamfanin magani na Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, sai 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75. Kamfani ne ba gidauniya ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ma'aikacin Lafiya:
Haka ne yaya, amma dakatarwar nan wallahi yaranmu ta cuta, cutar ta koma har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Su masu ba da kuɗin sun fi son cutar da za a iya kawar da ita kwata-kwata a ce an gama, kamar kurkunu da Cibiyar Carter ta yi aikinsa tare da Janar Gowon har Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta wanke Najeriya a 2013, ainihin nau'in shan inna kuma 2020. Zazzaɓi ba ya ƙarewa haka, duk da gidan sauron da ake rabawa yawanci kuɗin Global Fund ne, wato asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, kuma Gates na cikin masu zubawa.

Baba Malam:
'Yata, mai kuɗi shi ke zaɓa. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, to da wane baki za mu ce musu ga abin da muke so? Tsarin da ya burge ni shi ne na Kano da Dangote da Gates kan rigakafin yau da kullum, inda kowace shekara kason jiha ya riƙa ƙaruwa nasu na raguwa. Ga USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, an rufe a 2025, Gates ma ya ce zai rufe tasa a 2045, ku riƙa tambayar 'yan majalisarku nawa aka ware wa asibitin unguwarku kuma nawa aka saki.