Little Walter: me ya ba busarsa wannan kaurin?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum, masana. Ina neman bayani kan Little Walter, mai busa harmonika (ƙaramin abin busa mai jerin ramuka) kuma mawaƙin buluz (wani salon kiɗan baƙaƙen fata) na Amurka. Wane faifai ne ya fito da shi? Kuma me ya sa busarsa ke fita da kauri kamar saksofon, babban abin busan nan na tagulla, alhali harmonika siririyar murya gare ta?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Sunansa na yanka Marion Walter Jacobs, haifaffen Marksville a jihar Luwiziyana. A bakin titin Maxwell na Shikago ya riƙa busa, ya naɗi faifansa na farko a 1947 a ƙaramin kamfanin Ora Nelle, sannan ya shiga ƙungiyar shahararren mawaƙin buluz Muddy Waters. "Juke" ce ta ɗaga shi a 1952, ƙarƙashin Checker, reshen kamfanin Chess. Busa ce zalla, ba rera waƙa, amma sai da ta yi mako 8 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin R&B (kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) na mujallar Billboard. A 1955 ya sake hayewa da "My Babe", wadda marubucin waƙoƙi Willie Dixon ya rubuta, nan kam da muryarsa. Ya rasu a Fabrairun 1968 bayan wani faɗa a Shikago.

Mai Kayan Sauti, Sabon Gari:
Ɗan'uwa, kaurin nan daga hannu yake farawa. Yakan haɗa harmonika da ƙaramin makirufo a tafin hannu, ya rufe ruf, ya tura sautin cikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, har ta fara gurɓata shi. In ka bar ko 'yar kafa tsakanin yatsu, kaurin ya zube. Kuma kada ka tsaya gaban sifika, nan take za ta yi kuwwa. Koma gefe, ka rage ƙarar.

Sai zaɓin ki, wato matakin sautin da aka gina waƙa ko harmonika a kai, wanda ake kira da haruffa kamar A ko E. "Juke" a E take, amma da harmonikar A ake busa ta. Hikimar ita ce manyan sautukan su faɗo kan ramukan da ake zuƙar iska ta cikinsu, musamman na 2, 3 da 4, don su ne ke lanƙwasuwa, wato ana iya saukar da muryarsu ƙasa. Rami na 2 na sauka rabin matakin sauti sau biyu, na 3 har sau uku. Ba da ƙarfi ake yi ba: ɗaga bayan harshenka kamar za ka ce "ku", ka zuƙa a hankali. Masu koyo kan zuƙa da ƙarfin tsiya, harshen tagullar da ke ba da sauti a cikin ramin ya gaji, muryar ramin ta sauka, ba ta komowa.

Malam na Tudun Wada:
Ƙari kaɗan, tunda a Zariya kake. Harmonika irin su Hohner Marine Band, mai rami 10, cikinta katako ne. Hunturu na busar da shi ya tsuke, iska ta riƙa tsiyaya, ƙura kuma ta maƙale harsunan. Kada ka jiƙa ta a ruwa, katakon zai kumbura ya yanki leɓe. Kurkure baki kafin busa, in ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu, ta sha iska, sannan ka mayar da ita akwatinta. Mai koyo gara ya nemi mai cikin roba.