Abin da masu inabi a gida suka ce kan rumfa da yanka

Na tattaro shawarwarin da masu shuka inabi a gida suka bayar kan rumfa da yankan rassa ne a taƙaice. Kusan kowa ya yarda rumfar ta zama mai ƙarfi, tsayi kamar mita 2, ƙarfe ko itacen da gara ba ta ci, don inabi in ya cika rumfa yana da nauyi sosai wallahi.

Shekarar farko kar ka yi kwaɗayin 'ya'ya, ka bar reshe ɗaya tak ya hau sandar da ka kafa masa har sama, duk wanda ya tsiro a gefe ka tsinke shi, sai ya kai wayar da aka ja a saman rumfar sannan ka bari ya rabu.

Wajen yanka ne aka fi jayayya, wasu na jin tausayin shukar, amma ni ina tare da masu cewa a yanke sosai, saboda 'ya'yan a sabon toho suke fitowa, wanda ya tsiro daga reshen da ya riga ya yi ruwan ƙasa, ka bar wa reshen ido (wurin da toho ke fitowa) biyu zuwa uku kawai. A yi yankan ƙarshen damina don 'ya'yan su nuna da rani, ruwan sama na kawo ruɓewa.

In sun fara nuna a rage ban ruwa kar su fashe, a kuma rufe su da raga saboda tsuntsaye.