Muhawara: Bikin Hamtramck da Rigimar Tutar Bakan Gizo

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum. Hamtramck ƙaramin gari ne a jihar Michigan ta Amurka, wanda birnin Detroit ya kusan kewaye shi, mutanensa kuma 28,433 ne a ƙidayar 2020. Kowace shekara, a ƙarshen makon Ranar Ma'aikata a farkon Satumba, ana rufe titin Joseph Campau a yi biki da kaɗe-kaɗe da jerin gwano da abincin Poland da Yaman da Bangladesh. An soma bikin a 1980 domin a kwantar wa jama'a hankali bayan rufe babbar masana'antar motoci ta Dodge. To, ranar 13 ga Yunin 2023 majalisar garin, wadda dukkan 'ya'yanta Musulmi ne, ta hana ɗaga tutocin addini da na ƙabila da na siyasa da tutar bakan gizo ta masu neman jinsi ɗaya a filaye da gine-ginen hukuma. Wasu na cewa garin da ya yi haka ba shi da bakin yin bikin bambancin al'umma. Me kuka gani?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Ban yarda da wannan magana ba. Dokar ba ta hana kowa rataya tutar da yake so a gidansa ko a shagonsa ba, ba ta kuma taɓa auren jinsi da Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a 2015 ba, domin majalisar gari ba ta da wannan iko ma. Sandar tutar hukuma ta kowa ce, da kuɗin harajin kowa aka kafa ta, don haka bai kamata ta ɗauki alamar abin da jama'a suka rabu a kansa ba.

Malama Rabi: Baban Khadija, da girmamawa, ka karanta dokar amma ka tsallake tarihinta. A 2004, lokacin da Musulmi ke tsiraru a garin, majalisa ta ba da izinin kiran salla da lasifika, kuma da masu adawa suka kai maganar ga ƙuri'ar jama'a, waɗanda ba Musulmi ba da dama ne suka tsaya har izinin ya tabbata. Cikin masu goyon bayan baƙi a waɗannan shekaru akwai Karen Majewski, wadda daga baya ta zama magajiyar gari har Amer Ghalib, haifaffen Yaman, ya kayar da ita a zaɓen 2021. Ita da magoya bayanta sun ɗauki dokar 2023 a matsayin butulci. Ni ba ina yanke hukunci a kan halal da haram ba ne, wannan sananne ne a wurinmu. Tambayata ita ce yadda wanda aka buɗe wa ƙofa jiya zai yi da maƙwabcinsa yau da mabuɗi ya dawo hannunsa.

Baban Khadija: Malama, alheri ba bashi ba ne da za a ce sai mutum ya biya da aƙidarsa. Kuma ba Musulmi ne suka fara wannan rigima ba. A Nuwamban 2008, shekara bakwai kafin Musulmi su sami rinjaye a majalisa, masu zaɓe a Hamtramck suka soke dokar hana wariya da ta haɗa da masu neman jinsi ɗaya, kuma akwai Kiristocin Katolika a sahun gaba na masu adawa da ita.

Wani ɗalibin shari'a: Ina neman izinin iyayena in sa baki. A 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan birnin Boston, wanda ya bar ƙungiyoyi iri-iri suna ɗaga tutocinsu a gaban ofishin hukuma amma ya hana tutar wata ƙungiyar Kirista. Kotu ta ce wannan tauye 'yancin faɗar albarkacin baki ne. Darasin da garuruwa suka ɗauka shi ne, ko dai a buɗe wa kowa, ko kuma hukuma ta riƙe sandar a matsayin bakinta ita kaɗai. Ta fuskar doka, Hamtramck hanya ta biyu ta bi, kuma hujjar Baban Khadija tana da ƙarfi a nan.

Malama Rabi: Ɗana, doka ta ba su dama, ban musa ba. Amma kowa a garin ya san tutar da aka nufa, domin a watan Yuni aka kawo ƙudurin, watan da masu wannan tuta suke bukukuwansu, kuma a kanta aka shafe sa'o'i ana cacar baki a zauren majalisa. Sa'an nan dokar ta bar tutocin ƙasashen da mazauna garin suka fito. Ashe ke nan an zaɓi irin bambancin da za a yi alfahari da shi, an ajiye wanda ba a so a gani. Da wata ya zagayo, jami'ai biyu na hukumar kyautata zamantakewa ta garin suka ɗaga tutar a titin Joseph Campau, majalisa ta sallame su, su kuma suka garzaya kotun tarayya.

Alhaji na Kwari: Ni a ganina kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Majalisa ce ta yi doka, bikin kuwa 'yan sa-kai na gari ne ke shirya shi, kuma masu goyon bayan tutar suna shiga jerin gwanon kamar kowa. Idan aka ce a daina bikin don an saɓa a majalisa, an rufe fili mafi girma da ɓangarorin biyu ke haɗuwa ido da ido. Sai dai Malama tana da gaskiya a abu guda: shugabannin da suka kawo ƙudurin su ne ya wajaba a kansu su tabbatar ba a ci zarafin kowa ba, ba a kuma yage tutar da mutum ya rataya a ƙofar shagonsa ba, tunda su da bakinsu suka ce dokar ba ta shafi gidaje da shaguna ba.